Ɗan Isa: abin da jami'o'i suka shuka shi ake girba a ƙofar duwan

Takardar kaya da ke fitowa daga na'ura, wayar da ke aljihun direba, kuɗin da ke tashi daga Kano su sauka Maraɗi kafin shayi ya huce, duk daga ɗakunan binciken jami'o'i suka samo asali, da kuɗin hukuma da haƙurin shekaru. Nijar tana saye tana aiki da su. To yaushe za ta soma ƙera nata?

Tun da sanyin safiya manyan motoci kan jeru a bakin kwalta a garin Ɗan Isa, kimanin kilomita 40 kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. Waɗansu sun ɗauko wake da aya da dabbobi, sun nufi Jibiya da Katsina da Kano. Waɗansu kuwa daga can suka fito, cike da kayan roba da yadi da kayan masarufi. Tsakanin motocin ƴan canji suna zirga-zirga da naira da sefa, masu shayi suna hura wuta, wakilan ƴan kasuwa, waɗanda ake kira taranzitar, suna kai da komo da takardu a hannu.

Wanda ya san wannan wuri shekaru 30 da suka wuce zai ga hanyar tana nan, ƙurar ma tana nan, amma abu uku sun sake. Manyan littattafan da ƴan duwan ke rubutu ciki da alƙalami sun ja baya, na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta ko ordinatar, ta karɓi aikinsu. Mai kaya da ke zaune Maraɗi ya daina jiran yaronsa ya komo da labari, domin waya tana kai masa. Kuɗi kuma ba lalle ne su yi tafiya cikin buhu a ƙarƙashin kujerar mota ba. Kowa yana aiki da waɗannan abubuwa, kaɗan ne suke tambayar inda suka fito. Alhali kuwa amsar tana da darasi ga ɗan kasuwa da ma'aikacin hukuma baki ɗaya.

Littafin duwan da ya koma na'ura

Tsarin da duwan ta Nijar ke aiki da shi sunansa SYDONIA. Hukumar ciniki da bunƙasa ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ita ta soma shi a 1981, bayan ƙungiyar CEDEAO ta nemi hanyar sanin adadin kayan da ke ratsa iyakokin ƙasashenta. Daga baya aka yi ta sabunta shi, daga SYDONIA++ har zuwa SYDONIA World da ke aiki ta intanet, kuma ƙasashe wajen 100 suka ɗauke shi. Irin wannan tsari shi Faransawa ke kira logiciel, masu Hausar zamani kuma su ce manhaja.

To amma manhajar duwan, kamar ta banki ko ta baitulmali, tana tsaye ne bisa wani rumbu na ajiye bayanai, kuma wannan rumbu yana da tarihi. A 1970 wani masanin lissafi mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya rubuta takarda yana ba da shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawaloli: ɗaya na sunayen masu kaya, ɗaya na irin kaya da harajinsu, ɗaya na motoci, sa'annan a haɗa su da lamba, ta yadda tambaya guda za ta tattaro amsa daga ko'ina. Kamfaninsa bai yi gaggawar kai abin kasuwa ba. Malamai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka, Michael Stonebraker da Eugene Wong, su suka karanta takardar, suka sami kuɗin bincike daga gwamnati, suka soma gina rumbun da suka kira Ingres a 1973 tare da ɗalibansu. Suka rarraba shi ga sauran jami'o'i a kan kuɗi kaɗan, kowa ya duba cikinsa, ya gyara, ya koya. Daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki aka sami masu kafa kamfanoni, ciki har da Sybase, wanda Microsoft ta gina nata rumbun bisa aikinsa. A 1986 Stonebraker ya sake soma wani mai suna Postgres, jikansa kuwa, PostgreSQL, har yau kyauta ake ɗaukarsa.

Ba dole ne ƙasar Afirka ta tsaya ga karɓar abin da aka miƙo mata ba. Senegal ta gina tsarin duwan nata, GAINDE, ta soma aiki da shi a 1990. Da injiniyoyinta suka ƙware, sai ƙasar Kenya ta ɗauki aikinsu, aka gina mata tsarin Simba a 2005. Wato abin da ya soma a matsayin buƙatar gida ya zama haja ta sayarwa waje.

Abin da ke ƙunshe cikin waya

Wayar salula da ke hannun ɗan canji a Ɗan Isa, ko da sunan wani kamfanin China ne a bayanta, cike take da aikin malaman jami'a. Ƴar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita ta samo salo daga binciken da David Patterson ya jagoranta a Berkeley da John Hennessy a Stanford tun daga 1980. Sun nuna cewa ƙwaƙwalwa mai umarni kaɗan masu sauƙi ta fi mai umarni barkatai sauri, ta kuma fi ta arha. Wani ƙaramin kamfani a garin Cambridge na Ingila, Acorn, ya bi wannan salo ya fitar da ƙwaƙwalwar ARM a 1985. Saboda ba ta cin wuta da yawa, yau kusan kowace waya a duniya da irinta take aiki.

Idan rezo ya yi rauni a bakin iyaka amma saƙo ya isa daidai, akwai hannun malamai biyu na makarantar injiniyoyin sadarwa ta Brest a Faransa, Claude Berrou da Alain Glavieux. A 1993 suka bayyana wata dabarar lissafi da ke gyara kurakuran da ke shiga saƙo a hanya, kuma tsarin 3G da 4G duka sun ɗauke ta. Shi kuwa kullen da ke tsare kuɗi a waya, a jami'ar Stanford aka buɗe ƙofarsa a 1976, sa'annan malamai uku na MIT, Rivest da Shamir da Adleman, suka ƙera shi a 1977. Sirrin abin cikin lissafi yake: ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma wanda aka ba sakamakon kaɗai zai daɗe ƙwarai kafin ya gano lambobin. Da wannan dabara da waɗanda suka biyo bayanta ne bankuna suka yarda su saki kuɗi bisa hanyar da kowa ke bi.

Labarin intanet kansa yana da sashen da ya kamata mai karatun Faransanci ya sani. Saƙon farko ya tashi daga jami'ar UCLA ranar 29 ga Oktoba 1969, da kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka. Amma a farkon shekarun 1970 wani injiniya Bafaranshe, Louis Pouzin, yana cibiyar bincike ta IRIA, ya gina tasa hanyar mai suna Cyclades, wadda ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta nemi hanyarta, a harhaɗa su a can inda za su sauka. Amurkawan da suka tsara ƙa'idar intanet a 1974, Vinton Cerf da Robert Kahn, sun ambaci aikinsa cikin takardarsu. Hukumomin Faransa kuwa suka janye wa Cyclades kuɗi kafin ƙarshen shekarun 1970, suka karkata ga tsarin ma'aikatar waya, wanda ya haifi Minitel. Faransa tana da iri a hannu, ta fasa ba shi ruwa, wata ƙasa ta yi girbin.

Yadda ilimi ke zama masana'anta

Idan aka jera waɗannan labarai, sharuɗɗa uku ke fitowa fili. Na farko kuɗin hukuma. Babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa cikin lissafin da ba a san ranar ribarsa ba, saboda haka gwamnati ce ke ɗaukar nauyin farko. Na biyu haƙuri. Tsakanin saƙon 1969 da lokacin da intanet ta shiga kasuwa sosai an yi fiye da shekaru 20. Na uku kuwa hanya ce buɗaɗɗiya tsakanin malami da mai jari, kuma mafi yawan lokaci ɗalibi ne ke bin wannan hanya, ya fita daga jami'a da ilimin cikin kansa.

Kamfanin Google misali ne da ya haɗa ukun. Ɗalibai biyu na Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suna cikin wani aikin bincike da gwamnatin Amurka ke biya lokacin da suka gano hanyar jera shafukan intanet bisa darajarsu. Suka kafa kamfani a 1998. Jami'ar ce ke da haƙƙin mallakar dabarar, ta ba su izinin aiki da ita, suka biya ta da hannun jari, wanda ta sayar a 2005 a kan dalar Amurka miliyan 336. Doka ce ta share wannan hanya: tun 1980 Amurka ta yarda jami'o'i su mallaki abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Faransa ma ta bi sahu a 1999 da dokar da ta halatta wa malamin bincike, ko da ma'aikacin hukuma ne, ya shiga kafa kamfanin da zai yi aiki da abin da ya gano.

Riba da hasarar mai saye

Ba a musun cewa Nijar ta amfana. A farkon shekarun 1990, tun kafin jama'a su ji sunan intanet, masu bincike na Yamai suka soma aika wasiƙa ta na'ura bisa hanyar RIO, wadda cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, IRD a yau, ta shimfiɗa. Wayar salula kuma ta bazu a kasuwannin ƙasar daga 2001. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta buga sakamakon a 2010. Ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma tasirin ya fi ƙarfi tsakanin kasuwanni masu nisa da waɗanda hanyarsu ba ta da kwalta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan kasuwa: wanda a da sai ya hau mota ya je ya ga farashin gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Abin lura shi ne, alƙaluman da aka yi aikin da su na gida ne, na hukumar SIMA mai bin farashin kayan gona, amma a jami'ar waje aka juya su suka zama ilimi.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mutanen Ɗan Isa sun fi kowa sanin abin da dogaro ke jawowa. Nijeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022. A farkon 2023, da aka sake fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma kan waya da ƴan na'urorin POS, wanda bai iya ba ya zauna da kayansa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke sayar wa Nijar, ba a buɗe hanya ba sai Maris 2024. Kowane karo darasin ɗaya ne: abin da makullinsa ke hannun wani, wani na iya rufe shi. Manhaja ma haka take. Ƙasar da ba ta da masu iya buɗe cikinta su gyara, dole ta biya kuɗin lasisi da kuɗin masani daga waje, ta kuma jira ranar da ya ga damar zuwa.

Jami'o'in gida

Ba a ce babu tushe ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa makarantar koyon kwamfuta ta Afirka, IAI, a 1971, mai mazauni a Libreville. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafarta a 1973. Ta Maraɗi an kafa ta a 2010, ta kuma ɗauki sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi. A 2014 aka ƙara jami'o'i huɗu, aka ɗora wa ta Dosso fannin fasahar sadarwa. A ƙetaren iyaka kuwa akwai jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina, da Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, dukansu da sashen kwamfuta. Babbar matsalar ita ce yawancin ƙarfin waɗannan makarantu wajen koyar da aiki da kayan da wasu suka ƙera yake tafiya. Tun 1980 ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Legas cewa za su ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu domin bincike, suka sabunta alkawarin a Khartum a 2006, amma cika shi ya gagari kusan dukansu.

Tarihin Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, gargaɗi ne. Daga 1969 ya jagoranci cibiyar ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da hasken rana, a zamanin da ƙasashe da yawa ba su waiwayi wannan fanni ba. Aikin bai sami jarin da zai mai da shi babbar masana'anta ba. Yau farantan hasken rana da ke cike da kasuwar Maraɗi daga waje ake shigo da su.

Akwai kuma misalin da ya yi nasara, kuma yana ratsa Ɗan Isa kullum a bayan mota. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka ya fito. Masu bincike na INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka gwada shi suka kai shi ƙauyuka daga 2007, kamfanin Lela Agro na Kano ya ƙera, ƴan kasuwa suka rarraba. Buhu ba kwamfuta ba ne, amma sarƙar ɗaya ce: malami, masana'anta, kasuwa. A fannin kwamfuta ma an ga alama. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar masanin wannan fanni, ya ƙirƙiro hanyar ba gona ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfo da kashe shi da wayarsa. Aikin ya sami kyautar kamfanin Orange a 2011, da babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na II a 2015. Mai noman rani a Jiratawa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin irin wannan.

Harshen Hausa kansa ya zama fagen bincike. A farkon shekarun 2010 masana kwamfuta na jami'ar Nantes tare da masana harshe na Nijar suka ɗora ƙamusun Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci a intanet cikin shirin DiLAF. Google ta shigar da Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013. A 2022 masu bincike na jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka fitar da tarin dubban saƙonnin Hausa da ake koya wa na'ura harshen da su. Sai dai na'ura abin da aka ciyar da ita shi take sani. A Maraɗi jaka sefa 1000 ce, a Kano kuwa naira 200. Na'urar da ba ta taɓa jin Hausar Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ba, za ta yi wa mai ciniki kuskuren da zai ci masa uwar kuɗi. Babu wanda zai tattara wannan Hausa in ba masu ita ba.

Abin da ya rage ga alhazai da ma'aikata

Masanin ƙasa Emmanuel Grégoire, cikin littafin da ya rubuta kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda suka tara dukiya ta fatauci da sufuri da gine-gine, suna ɗari-ɗari da kafa masana'anta. Suna da hujja, domin masana'anta tana cin jari mai yawa, ga tsadar wuta, ga kayan Nijeriya masu arha. Amma binciken kwamfuta ba ya neman injuna masu nauyi. Abin da yake nema shi ne wuta tsayayya, da hanyar intanet, da malamin da aka rage wa yawan darasi, da ɗalibin da zai samu abin da zai ci har ya gama aikinsa. Kuɗin babbar mota guda ɗaya sun isa su riƙe ɗalibai da yawa tsawon shekarun bincikensu.

Tambayoyin kuma ga su nan zube a bakin hanya. Wace hanya ce mai kaya zai san inda motarsa take da awoyin da ta yi a kowane shinge? Yaya za a riƙa sanar da farashin canjin naira da sefa ta yadda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai cutu ba? Yaya macen da ba ta yi lakwal ba za ta yi magana da wayarta da Hausa ta biya kuɗi? Ta yaya na'urorin duwan na ɓangarorin iyaka biyu za su fahimci juna, a daina cika takarda ɗaya sau biyu? Kamfanonin aika kuɗi na gida, irin su Nita da Al Izza da Amana, sun riga sun nuna cewa ɗan ƙasa na iya riƙe irin wannan kasuwa. Majalisar ƴan kasuwa ta Maraɗi za ta iya kai waɗannan tambayoyi jami'a a rubuce, tare da abin da za a yi aikin da shi. Ma'aikatun hukuma kuma suna da nasu rabon: su buɗe alƙalumansu ga masu bincike na gida, su ware musu wani kaso na kwangilar manhaja, a kuma yi dokar da za ta fayyace rabon malami da na jami'a idan bincike ya zama haja.

Lokaci yana matsowa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal ke aikin. Ranar da jirgin ya soma ratsa wannan yanki, kowane tarago zai zo da buƙatar lissafi: tikiti, awon kaya, haraji, tsarin lokaci. Wani ne zai rubuta manhajar da za ta yi wannan aiki, wani kuma zai riƙa karɓar kuɗin gyaranta shekara da shekaru. Yaran da za su iya zama wannan wanin suna zaune yanzu a azuzuwan lise na Maraɗi da Madarunfa, wasunsu ma ƴaƴan masu motocin da ke jere a Ɗan Isa ne.